Buton Ɗin Ƙasa a Hular Baba

Asabar, 2 ga Agusta 2025

Hashimu mai kayan salula a bakin tasha ya ɗaura mini abin nan a hular kwano. Biyu ne, mata da miji in ji shi. Ekutar, wato ƴar lasifika, a ciki wajen kunne, ɗan makirfo a gaban baki, ɗan akwati a gefe mai buton uku: na sama ƙarin murya, na ƙasa ragewa, na tsakiya kashewa. Mutum biyu kowa a kan motonsa, wato babur, suna tafe suna hira.

Ba don kaina na saya ba. Matata Madina ce ta ishe ni: ubanta ya manyanta, damina ta cinye hanyar Bengou, in moto ya mutu masa a daji wa zai sani? To me zan ce? Shi ya koya mini kabu-kabu tun ban da gemu, shi ya ba ni ƴarsa. Sunansa ko a nan ba na iya rubutawa, sai dai Baba.

Na kai masa tasa hular, kaina a ƙasa. Ya jujjuya ta ya ce, "Yanzu kunnena ma sai an sa masa caji?" Amma ya karɓa.

Litinin, 4 ga Agusta

Mun gwada. Kai! Baba ihu yake kamar mai kiran jirgi daga wancan ƙetaren kogi. "YAZIDU! KANA JI NA?" Saura kaɗan in faɗa gonar wani.

Da muka bar gudron, wato kwalta, muka hau jar hanya ya ce, "To ya isa, na kashe, bar ni in ji motona." Sai ya danna na ƙasa, ya yi ta dannawa. Shi ya daina ji na, ni kuwa har numfashinsa ina ji. Na ce, "Baba, ba wannan ba ne." Ina! Na ce a raina in mun tsaya na gyara masa.

Sai muka kai giginyun nan na mararrabar Bana. Na ji ya yi gyaran murya ya ce da Dendanci, a hankali, "Kadija, kin kwana lafiya?"

Inna Kadija. Uwar Madina. Bara waccan muka kai ta makwancinta. Ƴar Bana ce.

Ya ba ta labarin ruwan jiya, da bangon da ya tsage, da akuyar da ta haihu. Na tsakiya yana nan kusa da yatsana. Ban danna ba.

Da muka tsaya ban gyara masa ba. Ta yaya? In ce Baba na ji ka?

Alhamis, 7 ga Agusta

Yau ma. Astagfirullah.

Asabar, 9 ga Agusta

An yi da ni yau. "Mijin ƴarki ya saya mini rediyon kai. Yaron kirki ne, ba a raba shi da gaisuwa, sai dai gudu kamar wanda ya sato moton." Na yi dariya ni kaɗai har fasinjata ta ce, "Malam, lafiya dai?"

Shekara da shekaru ban taɓa jin mutumin nan ya yabe ni ba. Ga shi na ji, ta hanyar sata. Da daɗi, wallahi da daɗi, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Ka laɓe wa surukinka yana hira da matarsa! Ko ɓarawon kaji ya fi ni mutunci.

Gobe zan kashe tawa tun daga tasha.

Laraba, 13 ga Agusta

Ban kashe ba, kuma yau na ji abin da ya fi ƙarfina.

Wani jaki ne a tsakiyar hanya bayan giginyu. Baba ya kauce masa a ƙurarren lokaci, na ɗauka gwaninta ce. Sai na ji ya sauke numfashi ya ce, "Kadija, ban gan shi ba. Sai da na ji warinsa. Idon dama ya tafi, fari fat kamar an zuba koko. Na hagun ma ya fara. Kar ki gaya wa kowa."

Har da ƴar dariya ya faɗi na ƙarshen.

Yanar ido ce. Da muka sauka na saci kallonsa yana miƙa wa fasinja kaya. Tana nan, fara-fara a tsakiyar ƙwayar. Ni da ba na ɗaga ido in dubi fuskarsa, ina zan gani? Madina ma haka. Duk gidan kowa kansa a ƙasa, mutum yana makancewa a tsakiyarmu.

Kuma mutane yake ɗauka a bayansa. Mata da goyo.

Juma'a, 15 ga Agusta

Madina ta ce, "Yaya Baba a hanya?" Na ce garau. Ta ƙara mini miya.

Talata, 19 ga Agusta

Na samo dabara, irin ta matsorata. Ni nake shiga gaba yanzu. Na sa an canza mini fitilar baya, ja wur. Duk rami, duk dabba, duk kwana, sai in taɓa burki in danna oda. Na rage gudu har ƴan tasha sun fara ce mini Alhaji Kunkuru. Su ce.

In ya tashi ɗaukar fasinja shi kaɗai sai in ƙirƙiro dalilin bin hanyar. Yau na je Bengou wayam, ba fasinja ba kaya, na ƙona esansi, man moto, a banza. Na ce masa saƙo aka ba ni.

Asabar, 23 ga Agusta

"Kadija, jar fitilar yaron nan nake bi. In ya taka burki in taka. Bai san shi ne idona ba."

Na sani, Baba. Na sani.

Abin da ya kamata in yi na san shi: in sami Madina, ko babban wansa, in ce a raba shi da moto a kai shi likita. Amma tambayar farko ita ce, ya aka yi ka sani? Daga nan kuma shi ke nan, ya rasa moton, ya rasa hirarsa, ya san mijin ƴarsa ya ji shi yana kiran matarsa da wani suna, ba Kadija ba, wanda ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba. Wannan sunan ba zan rubuta ba.

Ko kuwa kunyata kawai nake gudu, nake sa mata rigar tausayi? Oho.

Laraba, 27 ga Agusta

Ya faru.

Bari in rubuta.

Ajuma mai kai bandar kifi Bengou ya ɗauka. Ba ta hawan moton kowa sai nasa, tun Madina tana goye. Ina gaba kamar kullum, sai sarƙar motona ta zame bayan giginyu. Na tsaya maidawa, ya wuce ni yana ɗaga mini hannu. Kafin in taso ya ba ni rata.

Daga nesa na hango amalanken shanu a tsaye gefen dama, cikin inuwar bishiya, ga hadari ya rufe rana. Shi kuwa ya miƙe ta gefen. Na ce, "Baba, amalanke!" Na ƙwala, "BABA! DAMA! DAMANKA!" Na yi ihu har maƙogwarona ya tsage.

Yana can yana gaya wa Inna Kadija gero ya fara fidda kai.

Ya rage muryar tun daga tasha, da buton ɗin da na ƙi gyara masa. A cikin kunnena na ji karon, na ji salatin Ajuma, na ji nishinsa.

Hannun Ajuma ya karye a wuyan hannu. Shi ƙaurinsa ya sale, kafaɗa ta bugu. Hular ta tare kai, alhamdulillahi. Kifi ya watse cikin taɓo.

Jama'a suka taru a kan mai amalanken, wani manomi Isma'il, Hausarsa ta kasuwa ce. Sai faɗi yake, "Ni tsaye! Ni gefe tsaye!" Aka yi masa ca. Har da ni. Ni, Yazidu, na nuna shi da yatsa na ce ba a ajiye amalanke haka. Bawan Allah ya tattara mana kifin da hannunsa yana ba da haƙuri.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ban fita ba. Na ce zazzaɓi.

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya ce wa masu dubiya burki ne ya ci amanarsa. Ya aika an miƙe masa ƙafar moto, yana cewa da ƙaurin ya bushe zai koma. Madina tana ta tsine wa mai amalanke. Kowace tsinuwa a kaina take sauka.

An kai Ajuma wajen maɗori a Bana, tana gidan ƙanwarta. An ce ko zane ba ta iya ɗaurawa da kanta. Ƴaƴan ɗanta marayu da kifin nan take ciyar da su.

Da na buɗe baki tun ranar jaki, da hannunta yana nan lafiya. Ba wani kewaye-kewaye.

Asabar, 6 ga Satumba

Baba ya ce in kai shi ya duba Ajuma. Karo na farko da ya hau bayana. Kowa da hularsa, muryar a buɗe don ya ce zai riƙa nuna mini hanya. Shi zai nuna mini!

Ban shirya ba. Na dai lura ba na ganin fuskarsa, shi ma ba ya ganin tawa, sai hanya a gabanmu. Ina jin shi ya sa bakina ya buɗe.

Na ce, "Baba, buton ɗin ƙasa ba ya kashewa. Murya kawai yake ragewa. Wanda ke ɗaya hular yana jin komai."

Sai muryarsa a kunnena:

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Hannunsa da ke kafaɗata ya sauka. Muka yi ta tafiya, ba abin da nake ji sai numfashinsa. Na so ya zage ni. Na so ya ce tsaya in sauka, ko ya ce maido mini ƴata. Gumi har cikin idona.

Da muka kai giginyu ya yi gyaran muryar nan tasa. Da Dendanci:

"Kadija. Ashe mu uku ne a hirar."

Na kusa sakin kan moto.

"Kin ga ɗan da kika zaɓa. Ya ji tsoho ya ce ba ya gani, ya bar shi yana ɗaukar matan mutane. Ni da shi ban san wa ya fi wani wauta ba." Sannan ya ce, "Tambaye shi ko ya san inda likitar ido take a Dosso."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce da Hausa, "Ba da kai nake ba."

A gaban Ajuma ya zauna a ƙasa ya ce mata ba burki ba ne, idonsa ne. Ta dube shi ta dube shi, ta kira shi da sunansa ta ce, "Haba! Ni ka ɗauka a makance? Da ka faɗa ai da ni na riƙa yi maka ido daga baya, mutumin banza." Ta yi kuka, ta yi masa tas, sannan ta sa aka kawo mana fura. Bai ambaci nawa laifin ba. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa.

A dawowa ya sa muka nemi gonar Isma'il. Nan kam bai taka ni ba. Ni na durƙusa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na gaya wa Madina duka. Ta ce, "Har miya na ƙara maka." Tun daga nan ba ta sake ce mini uffan ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ta yi magana yau. Ba yafiya ba, tambaya. Tana tsinkar zogale, ba ta dube ni ba: "Me yake ce wa Inna?"

Na ce wannan kam sai dai ki tambaye shi. Ta jefe ni da kara, amma na ga kamar ta ji daɗin amsar.

Ni nake kai kifin Ajuma Bengou yanzu, ƙanwarta take sayarwa. Wannan ba ya ɗora ƙashi, na sani.

Alhamis, 2 ga Oktoba

An yi wa Baba aiki a idon dama a Dosso, yana gida da bandeji. Sun ce na hagu sai gaba. Moto kuwa an hana shi sai yadda hali ya yi. Yana zaune a zaure yana yi wa kowa faɗa, ya ce kunun Madina ba tsami. Hularsa tana rataye a ƙusa. Ina ɗauka in yi mata caji in mayar, ban san don me ba.

Hanyar ta yi shiru da yawa. Na gwada sa waƙa a ekutar, na cire.

Yau da na kai giginyu na rage gudu. Ba rami, ba jaki. Dendancina na kasuwa ne, ba daɗin ji, kuma ni ba mai irin wannan ba ne. Na dai ce mata an yi aikin lafiya, jibi za a cire bandeji, yana cin abinci, geron ma ya nuna.

Ba wani abu ba ne. Kusan wata guda ba wanda ya gaya mata komai.