Kada Ka Janye Hannunka

Ya Ssebunya, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonar zuciyata! Ina gaishe ka daga Kalangala, inda ruwa ya kewaye ni gabas da yamma.

Ka tuna ranar da ka shigo da 'yar akun nan cikin hularka, ko gashin kirki ba ta yi ba? Ka sa mata suna Ssanyu, kana tauna gyaɗa kana ba ta da bakinka, tana tsotsar yatsanka muna dariya. To, maigida, ka ɓata ta ka tafi Kampala ka bar ni da aiki! Bakinta ya yi ƙarfi. Ta fasa mini yatsu uku, ta kama kunnen Mama, ba maƙwabcin da zai yarda ya riƙe ta ko na yini ɗaya. Ƙafafun Mama sun ƙi, Ssanyu ta ƙi kowa, to ina zan motsa? Kullum jirgin ruwa yana tashi a kan idona. Ita tana keji, ni ina tsibiri, har ban san wa ke gadin wani ba.

Cikin wannan ƙuncin na rubuta maka waccan wasiƙar mai zafi, na ce ka manta da mu. Wata biyu ke nan ba amsa. Wayyo, shirunka ya fi bakin Ssanyu ciwo!

Ran Talata tsoho Lubega mai gyaran taru ya ga ina fizge hannu ina yi mata tsawa. Ya ce, 'yata, ke ce mai laifi. Ƙaramar aku ba ta taka reshe sai ta gwada shi da baki, ta ji ko zai ɗauke ta. In reshen ya gudu, dole ta ƙara damƙa. Sai na miƙa hannu na dake. Ta kama, ta matsa, na cije ban motsa ba. Ssebunya, sai ga ta ta hau! Ta zauna a wuyan hannuna tana cin kwakwar manja, ni kuwa ina ta hawaye.

Hasken raina, ashe ba ka gane ba? Ni ma tsoro nake ji. Ban rubuta don in ji maka ciwo ba, so nake in ji ko har yanzu za ka iya ɗaukata. Me ya sa ka fizge? Ko ba ka zo ba, aiko layi ɗaya da jirgin Juma'a, zan tsaya a bakin ruwa.

Kada ka janye hannunka, masoyina. In ka dake, zan hau, kuma ba zan sauka ba har numfashina na ƙarshe.

Taka har abada, mai yatsu uku a ɗaure,
Nabbosa