Gwaggo Mai Girgiza Kai

Juma'a, 11 ga Afrilu 2025, Gazawa

Sun tafi da ita. Jiya aka yi suna, yau da hantsi Kaka Mero, kakar Saliha, ta sa aka ɗaure kaya, sai Cadawa wankan gida. Wai jegon fari ba a yin sa a hannun miji. Na san al'ada ce, innata ma haka aka yi mata a kaina. Amma sani daban, tsayuwa a tasha kana kallon mota tana tafiya da matarka da jaririyarka daban. Saliha ko ɗago kai ba ta yi ba, kunyar mutane. Ni ma na yi ta duban tayoyi kamar ni aka ba wa aikin duba iska.

Na dawo ɗaki ba kowa sai Gwaggo, tsohuwar fankar Baba, ta tebur, ƙarfe zalla, ta girme ni nesa ba kusa ba. Saliha ce ta raɗa mata sunan, wai kullum tana girgiza kai kamar gwaggon da aka kai wa ƙara. Na kunna ta. Ta yi ƙara, ta juya wuya da ƙyar, ta tsaya tana kallon bango. Na ce har ke?

Litinin, 14 ga Afrilu

Rumfa ta cika. Bazara ta kama, kowa ya tuna yana da fanka a ƙarƙashin gado. Wani alhaji ya kawo tasa ta ƙame, ina buɗewa na ga danƙo baƙi. Na ce, Alhaji, man gyaɗa kuka zuba. Ya ce ai mai mai ne. Na yi masa wa'azin da nake yi wa kowa: man gyaɗa na ƙosai ne, in ya sha zafi daskarewa yake yi, ya kama sandar tsakiya kamar ƙaro. Man keken ɗinki, ɗigo biyu gaba, biyu baya, shi ke nan. Garzali tela, maƙwabcin rumfata, ya ce ya haddace hudubar nan, ran da na yi mura shi zai hau mumbari.

Na ci tuwon sayarwa. Miyar ba ta san daddawa ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ina kewarta. Ba wanda zai karanta wannan, to na faɗa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Da rana na zauna da Gwaggo. Na cire raga, na zare fuka-fukan, na kwance murfin baya. Abin da na gani a fankar alhaji shi na gani a tawa, har ya fi. 'Yar ƙofar mai ta toshe, tsumman da ke riƙe mai a jikin bushi, zoben da sandar tsakiya ke juyawa a ciki, ya zama kamar ƙanzo. Na kai hanci. Man gyaɗa, kuma ba sabo ba, wanda aka soya albasa da shi. A gidan mai gyaran fanka.

Na kira Saliha. Ta yi dariya har sai da na ji Kaka Mero tana cewa mai jego ba ta irin wagga dariya. Ta ce, "Sau nawa na ce maka tana kuka, ka ce sai gobe? Ni da ita muke wuni. Na ga kana ɗiga mai, ni ma na ɗiga nawa." Da tsinken tsintsiya take yi, in na tafi rumfa, tun cikin yana wata biyar.

Na so in yi faɗa, faɗan bai zo ba. Na zauna da murfin a hannu ina shinshinawa. Kananzir yana gefe cikin gwangwani, ban wanke ba. Na mayar da noti na rufe.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Yau ma ban wanke ba. Garzali ya ce na rame. Na ce zafi ne.

Talata, 29 ga Afrilu

Raina a ɓace yake. Saliha ta ce Kaka na cewa ko an yi arba'in ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka ƙasa ta yi sanyi. Wai ɗakina kwano ne ba rufin ƙasa ba, ta shiga ran suna ta ji kamar an tura ta tanda, ba za ta kai jinjira can a gasa mata ba. Yaushe ruwa zai sauka? Allah kaɗai ya sani. Bara sai da Yuni ya yi nisa.

Na ce mata ai akwai fanka. Ta ce, "Wace? Mai kallon bango?"

To. Za a ga fanka. Ran arba'in ina so in ga matata a ɗakin nan, kuma Gwaggo ce za ta dawo mini da ita.

Asabar, 3 ga Mayu

Na wanke. Na jiƙa komai cikin kananzir, danƙon ya narke, ruwan ya koma kalar shayi. Da na zubar a bayan rumfa sai da na ɗan tsaya, ban san me ya tsayar da ni ba. Na sani mana.

Bushin gaba ya ci, sandar tana rawa a ciki. Irin wannan na tagulla ba a samun sabo, na yanzu duk gwangwani ne. Na hau kabu-kabu zuwa Agye wurin Abdu mai tara matattun fankoki, muka yi ta tono cikin tarkace har na sami sa'arta, wadda wayarta ta ƙone amma bushinta lafiya lau. Tsumman mai kuwa daga tsohuwar jar dara ta Garzali na yanka, bai sani ba tukuna. Shi ya ba ni man keke. Haƙoran da ke juya wuya na kankare tsohon giris da tsinke, na cusa sabo. Baba yakan ce kada a cika, fanka ba ta son ƙoshi.

Hannuna yana aiki, kaina yana Cadawa. Ko yanzu an gama wankan yamma? Ko ta sha kunun kanwa, ita da ba ta son kanwa?

Lahadi, 4 ga Mayu

Ta tashi. Na murɗa fuka-fukan da yatsa, suka yi ta juyawa su kaɗai kamar ba za su tsaya ba. Da wuta ta dawo na kunna, ba ƙara ko kaɗan, sai iska, tana girgiza kai dama da hagu a natse.

Na kira Saliha na kara waya a jikin raga. Na ce, kin ji? Ta ce ba ta ji komai ba. Na ce ai shi ne gyaran. Ta ce, "Ni da kukan nata na saba." Mata. Ka gyara laifi, ka bari laifi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na je Cadawa, da sunan cin kasuwa. Kowa ya san ba kasuwar ta kai ni ba. Na yi gaisuwa a zaure, innar Saliha ta amsa daga bayan zana, ba mu haɗa ido ba. Kaka Mero ce ta fito tana cewa, "Ga mijina ya zo biko. Mi ka kawo mani, ko hannu rabbana?" Na ba ta goro da sabulu.

Saliha ta yi haske, ta yi ƙiba, ruwan zafi ya karɓe ta. Na rasa abin faɗa, na tambaye ta ko akuyarsu ta haihu. Zufa tana bin wuyanta, mafici a hannu tana yi wa yarinyar fifita, in hannu ɗaya ya gaji ta sauya. Yarinyar duk ƙurajen zafi a wuya da goshi. Suna da wuta a gidan, fanka ce babu, tasu ta roba ta mutu tun bara. Ko da akwai ma Kaka ta ce mai jego ba ta shan iskar fanka sai ta yi arba'in, sanyi shiga jiki yake yi ya ɓoye sai tsufa ya fito.

Na kawo maganar komawa. Na ce an gyara fanka, ta fi sabuwa. Kaka ta ce, "Fanka iskar da ta tarar ita take kaɗawa, ɗan nan. In wuta ta tarar, wuta za ta ba ka." Na ce ai nan ma zafin ne. Ta nuna mini rufin ƙasa da itacen bedin da ke tsakar gida.

A mota ina dawowa na kama kaina ina jin daɗi. Can ba fanka, nan akwai. In zafi ya ishe ta da kanta za ta ce a maido ta. Ba tunani mai kyau ba ne, amma shi na yi tun daga Cadawa har Agye.

Talata, 13 ga Mayu

An yi arba'in. Na share ɗaki, na wanke labule, na sayo nama. Ba su zo ba.

Da la'asar Saliha ta kira. Ta ce Kaka ta yarda yanzu a kunna fanka, tunda an gama wanka. Ta ce, "Ka aiko muna da Gwaggo, ko a ba direba. Ɗiyar ga ba ta barcin rana, kuka take har muryarta ta dishe."

Na ce Gwaggo tana ɗakinta, mai son ta ya zo ya same ta.

Ta ce, "To, Allah shi huci zuciyarka," ta kashe. In na aika da ita, da me zan ja su gida? Sai su miƙe ƙafa har kaka. Naman na ba Garzali.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na tashi rumfa da azahar, kaina na ciwo. Na kwanta, na kunna Gwaggo lamba uku. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ta juyo kaina, ta juya wajen da Saliha take kwanciya, ta kaɗa zanen gado, ta dawo. Rabin iskarta a banza yake tafiya. Na danna maɓallin da ke tsayar da wuya don ta tsaya a kaina ni kaɗai. Ban jima ba na sake shi.

Kwanon sama yana ta ƙas-ƙas don zafi. Na ɗora hannu a bango na janye.

Na kira. Ta ɗauka, gaisuwa sama-sama, lafiya lau, lafiya lau. A bayanta ina jin kukan, ba irin mai ƙarfi ba, irin na wanda ya gaji da yi. Ina jin maficin ma, fat, fat. Ta ce bari ta je, hannunta ba sarari. Na kashe waya, iska tana ta busa ni.

Na gaya wa Garzali. Bai ɗago daga keke ba, ya ce, "Kai da jinjira kuke ja-in-ja ke nan. To Allah shi ba mai rabo sa'a." Sannan ya tambaye ni wa ya yanke masa dara.

Litinin, 19 ga Mayu

Ba wai na sauka daga maganata ba ne. Bushin da na sa yana so a gwada shi a wani ɗaki, a ga yadda zai yi da doguwar tafiya. Kuma ba a ba direba irin wannan fanka, sai su ɗora mata buhun gero. Shi ya sa na kai ta da kaina, a kan cinya, na naɗe ta da zanen gado. Wata mata a mota ta ce ko amarya ce.

Na ajiye ta a kan turmi da aka kife, nesa da shimfiɗa, lamba ɗaya, wuya yana juyawa don kada iska ta tsaya a kan yarinyar. Kaka Mero ta tsaya a bakin ƙofa tana harararta, ita ma tana girgiza mata kai. Ba a daɗe ba kukan ya fara raguwa. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, irin ta bayan kuka, ta saki hannu, ta yi barci baki buɗe. Gashin gabanta yana ɗagawa in iska ta zo, ya kwanta in ta wuce. Ban san haka take da gashi ba. Na daɗe a tsugune, har ƙafata ta yi tsami.

Saliha ta ajiye mafici tana murza wuyan hannunta. Na ba ta kwalbar man keke, na nuna mata ƙofofin, ɗigo biyu gaba, biyu baya, in wata ya kama. Ta ce, "In wata ya kama? Har yaushe za ta zamna nan?" Na ce a dai riƙa sa mata.

Da zan fito Kaka ta raka ni zaure, ta ce to yaushe nake son a maido mini iyalina, tunda na matsu. Ta yi tambayar da gaske, ba wasa a ciki. Da na ce gobe, ina jin da ta ce to.

Na ce su bari ruwa ya sauka. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Na iso gida da la'asar sakaliya. Ɗakin nan tanda ne, da gaskiyar tsohuwar. Wurin da Gwaggo take zama ya bar zagaye a kan tebur. Na fitar da tabarma tsakar gida, na duba gabas, ko alamar hadari babu. Yanzu haka yarinyar tana can tana barci.