Katin Japan na Abban Manar

Hindawiyya, Makka
Muharram, 1438

Zuwa ga ƙanena Falalu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyalinka. Ya kasuwa? Mu nan sai haƙuri. Manar ta koma makaranta, ni kuwa ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa. Na zaɓi imel ne saboda bango ɗaya ya raba ni da surukata, duk abin da na faɗa a waya tana ji, Hausar boko kuwa babu mai karanta ta a gidan nan.

Ka san Abban Manar, Allah ya jiƙansa, yana tara katunan nan masu zanen dodanni. Tun yana yaro yake yi, ko lokacin da malamai suka yi magana a kansu aka daina sayarwa a fili bai bari ba. In ya gama tuƙin bas na alhazai a Muzdalifa, sai ya yanki wani abu a ladan ya saya. Mun sha faɗa a kai.

Shekaranjiya yayansa Mukhtaru ya zo ya ce in fito da su, tunda suna cikin gado. Ya zauna a falo, ina bayan labule, ya raba su kashi biyu, masu rubutun Turanci da masu rubutun Japan. Ya ce na Turancin ne masu daraja, yana da mai saye a Jidda. Na Japan kuwa wai tarkace ne, ko a can araha suke, in ba shi ya kawar min da su.

Abin da ya tsaya min shi ne, marigayi a kwalin takalmi yake zuba na Turancin. Na Japan ɗin kowanne da gidansa na roba, a saman durowa, inda Manar ba ta kaiwa. Kuma Mukhtaru mutum ne mai magana a hankali, ran nan sauri yake ta yi kamar mai son ya tashi. Na ce masa sai na yi shawara.

Kai ne kake yini a intanet a shagonka na waya. Na ɗauki hotunansu, ga su nan. Ka bincika min, kar Inna ta ji.

Yayarka,
Safiyatu

*

Kano
Muharram, 1438

Yaya Safiya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ki. Allah ya ƙara haƙuri.

Na duba kasuwannin da masu tara katunan nan suke ciniki. Mutuminki bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Zane ɗaya ne, amma na Turanci yakan ninka na Japan biyu ko uku, don masu kuɗin da ke saye a Amurka da Turai suke, sun fi son wanda za su iya karantawa. Na Japan ya fi kyan bugu, ya fi araha.

Sai dai akwai abin da bai gaya miki ba. Akwai waɗanda ba a taɓa sayarwa a kanti ba, kyauta ake bayarwa ga wanda ya ci gasa a Japan, kuma ba su da na Turanci sam. Cikin hotunanki akwai ɗaya mai hatimin zinare a ƙasa ta dama. Na ga irinsa an sayar da kuɗin da zai sai miki gida a Hotoro, har da canji. Duk na Turancin nan in an haɗa ba su kai rabinsa ba.

Mutumin da ya iya raba katuna kashi biyu ba zai kasa gane wannan ba, Yaya. Kar ki nuna masa kin sani. Hajiya Mairama maƙwabciyarmu za ta zo Umara, ki naɗe shi ki ba ta ta kawo min, ni zan nemo mai saye.

Ki shafa min kan Manar.

Falalu

*

Hindawiyya
Safar, 1438

Falalu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Katin ba ya nan. Ina gama karanta saƙonka na hau kujera na sauko da su, gidan robar yana nan, cikinsa babu komai. Babu namijin da ya shigo falon nan sai Mukhtaru, ya dawo sau ɗaya bayan na ɗauki hotunan, na tashi na dafa masa shayi.

Na aika Manar ta kira shi. Na ce, "Yaya Mukhtaru, akwai ɗaya mai hatimi, ban gan shi ba."

Na ji ya gyara zama. Can ya ce, "Yana wajena, ya Ummu Manar."

"Ba ka ce tarkace ba ne?"

"Na ce."

"To me ya sa ka ɗauki tarkace ba ka gaya min ba?"

Ya ce wa ya koya min zancen hatimi. Na ce ƙanena. Ya ce in ba shi adireshinka, maganar ba ta mai takaba ba ce. Na ba shi, amma na ce dukiyar marainiya ce, kuma ni ce uwarta. Ya ce, "Halas, shi ke nan, zan dawo da shi," ya sa takalminsa. Surukata tun ranar ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Mutumin nan shi ya wanke ƙaninsa, shi yake zirga-zirgar takardun igamata ta zama a ƙasar nan, shi yake kawo mana cefane. Duk da haka yanzu in na ji tafiyarsa a bene sai in kalli saman durowa.

Kai ma ina da tambaya, kar ka ji haushi. Ka ce masu sayen a Amurka da Turai suke. To me zai je yi Kano a jakar Hajiya Mairama?

Safiyatu

*

Makka
Safar, 1438

Zuwa ga surukinmu Malam Falalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne Mukhtaru, yayan marigayi Turki, mijin yayarka. Ban iya rubutun Hausa ba, wani ɗalibi ɗan Sakkwato da muke salla tare, Nu'uman, shi yake rubuta abin da nake faɗa.

Ya ɗan'uwa, katin jabu ne. Turki ya saye shi bara a hannun wani da ya sani ta intanet. Motarsa ta tasi ya sayar ya biya, ya gaya wa matarsa wai injin ne ya mutu, shi ya sa ya rabu da motar. Da azumi ya nuna min yana murna, ya ce karatun Manar ne wannan har jami'a. Tun lokacin raina bai kwanta ba, kuɗin da ya biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashinsa ba, wa zai sayar maka da abu haka?

Da ya rasu na so in kwashe na Japan duka in kai a duba a ɓoye. In na gaske ne in kawo kuɗin a raba, in jabu ne in yi shiru, matar ta ci gaba da ganin mijinta yadda ta san shi. Da ta hana sai na ɗauki ɗayan. Na kai wa mai kanti a Jidda, ya haska shi da fitila, ya ce bugun kwanan nan ne. Na mayar mata jiya, ban gaya mata zancen motar ba, kai ka san yadda za ka yi da 'yar'uwarka.

Ta gaya min ka ce ta aiko maka da shi Kano ba da saninmu ba. Mahaifiyarmu tana da rabo a gadon nan. Ina fata mantawa ka yi.

Wassalam,
Mukhtaru

*

Kano
Rabi'ul Awwal, 1438

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar Mukhtaru nan na tura miki yadda take, ban ga dalilin ɓoye miki ba. Ki yi haƙuri da zancen motar.

Amma ki yi tunani. Jabun katin nan ana samunsa da kuɗin cin abincin rana. Mukhtaru ya kwana da naki makonni. Wa ya ga abin da ya kai Jidda, wa ya ga abin da ya dawo da shi? Turki ba ya nan balle ya ce ƙarya ne. Na ƙura wa hotonki ido har kaina ya yi ciwo, ta cikin roba kika ɗauka, hasken ya ɓata shi, ba a iya ganewa.

Tambayarki kuwa ta yi min zafi. Ina da abokin da ke zuwa Dubai sarin waya, shi na yi niyyar ba wa. Ban ɗauka sai na yi miki bayanin kaina ba.

Falalu

*

Hindawiyya
Jimada Ula, 1438

Ƙanena,

Ka gafarce ni da jinkiri. Na fita takaba. Na je Jidda da kaina, ni da matar Mukhtaru, kanti biyu daban, ban bari ta zaɓa ba. Duka sun ce jabu ne. Na tambayi na biyun ko zai iya sanin yaushe ya shigo gidana, ya yi dariya. Na kuma nemo wanda ya sayi motar, ya ce injinta lafiya lau ya same shi. Wannan kam Mukhtaru bai ƙirƙira ba. Sauran ban sani ba, kuma na gane ba zan sani ba.

Na Turancin an sayar a gabana, an raba yadda shari'a ta ce. Kar ka ƙara rubuto min a kan katin.

Ranar Juma'a Mukhtaru ya zo ɗaukar Manar su je gidansa cin abinci da 'ya'yansa, kamar yadda ubanta yake kai ta. Ta riga ta sa takalmi tana tsalle a bakin ƙofa. Na bar ta ta bi shi. Na tsaya a taga har motar ta sha kwana, ban zauna ba sai da ya dawo da ita.

Ka gaida Inna.

Safiyatu