Matar Dutsen da Ka Dafa a Lambu

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin ƙasar Hongiri? Mu nan lafiya lau, ƙafar babanka ma ta yi sauƙi.

Hotunan tsohon gidan sarautar da kuka ziyarta, waɗanda ka sa a intanet, sun iso Dakoro. Ban ce komai ba game da ɗakunan da tafkin. Amma wace ce wannan matar ta dutse a lambu, tsirara haihuwar uwarta, da ka dafa wa kafaɗa kana dariya? Wallahi da na gani sai da na yi salati.

Jiya Malam Isa, mahaifin Hadizar da kake nema, ya zo daga Korahane. Ko ruwa bai sha ba. Ya miƙa wa babanka waya ya ce, "Alhaji, wannan zan ba ɗiyata?" Babanka ya dubi hoton ya mayar masa da wayar.

Na san za ka ce tarihi ne. Tarihin wasu ba zai ɗaura maka aure ba. Ka goge hoton yau, ka kira Malam ka ba shi haƙuri kafin Juma'a, ranar da zai ba mu amsa. In ka koma lambun, itatuwa ba su ƙare ba, ka dafa su.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan karatunka. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka