Bindigar Ce, Ba Kai Ba

Zuwa ga Yayana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga yayansa, ina fata kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Jidda lafiya lau, sai zafi da gumin da ka sani.

Abokanmu na nadi, wato kulob ɗin harbin da ka shigar da ni, sun dame ni da tambayar wace na'urar auna gudun harsashi na saya, kuma me ya sa na daɗe haka ban zaɓa ba. Na yi musu alkawarin zan rubuta. Da na zauna rubutun sai na ga ashe kai nake ba labari, don haka na bar shi a haka, wanda ya ga dama a cikinsu ya karanta.

Saktun ɗinka tana wurina, Yaya. Bindigar iskar nan taka mai jan katako, wadda ka ce ko Sumayya 'yarka ba ta isa ta taɓa ba sai ta wanke hannu. Ina shafa mata mai kamar yadda ka koya mini, kuma duk Asabar ina kai ta nadi mu gaisa da takardar saiti, wadda ake kafawa a harba.

Ka tuna saman soronmu na unguwar Hindawiyya a nan Jidda? Mukan jera gwangwanayen madara a kan katanga bayan La'asar, da wata tsohuwar saktun da Baba ya samo a haraj, kasuwar gwanjo. Kai kana harbi gwangwani yana tsalle, ni kuwa sai in ɗauke numfashi, in ƙanƙance ido, in harbi iska. Da ka ga leɓena ya fara rawa sai ka karɓi bindigar, ka juya ta, ka leƙa bakinta kamar wani babban makaniki, ka ce, "Bindigar ce, ba kai ba." Sai ka ɗan murɗa wani abu da ban san mene ne ba, ka miƙo mini.

Haka muka girma. Da ka buɗe wurin waldarka a unguwar Khumra, muka koma harbi a doguwar katangar bayan sito, har aka buɗe nadi muka shiga da takardunmu. Na yi furfura a gabanka, amma duk ranar da hannuna ya ƙi, maganar nan dai kake faɗa. Ni kuma, wallahi, ban taɓa musa maka ba.

To, tun watannin baya harsasaina suka fara watsewa. Wani sama, wani ƙasa, wani ma ban san inda ya nufa ba. Na canza ƙwayar dalma, na ɗaure sukurori, na goge madubin saiti har ya gaji da ni. Wani ɗan Sudan da muke harbi tare ya ce wataƙila sifirin ɗin cikinta ne ya gaji, ko robar da ke riƙe iska ta bushe, tunda zafin Jidda ba ya barin roba da rai. Ya ce in nemi kurono, haka suke kiran na'urar a nadi. Idan gudun harsashin yana hawa da sauka daga harbi zuwa harbi, to ciwon na bindiga ne. Idan kuwa gudun yana tsaye wuri ɗaya, sai mai bindiga ya binciki kansa.

Nan ne matsalar take. Ka san aikina, motar makaranta nake tuƙawa a unguwar Safa, 'ya'yan mutane cike a bayana safe da rana. Iƙamata ma, takardar izinin zamana, da sunan direba take. Kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, ko Ramlatu matata: da hantsi, idan rana ta bugi gilashi, allunan kan titi sukan yi mini hazo-hazo. Nakan ce ƙura ce, in kunna abin goge gilashi. Idan ba bindigar ba ce, to idona ne, idan kuwa idona ne, ba ni da hurumin riƙe sitiyarin nan.

Sai na shiga zaɓen na'ura kamar mai zaɓen suruki. Sumayya ce take raka ni, tunda yanzu ta gama karatun haɗa magunguna, kuma ita ce mai haƙurin karanta ƙananan rubutun jikin kwali. Ta girma, Yaya. Hausarta dai har yanzu rabi da rabi ce, in ta fara jimla da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci, amma kallon da take wa mutum naka ne sak.

Iri uku muka gani. Ta farko mai aiki da haske ce. Ana kafa ta a kan ƙafa uku a gaban bakin bindiga, tana da idanu biyu, harsashi ya gifta ta kan na farko ya gifta ta kan na biyu, ita kuma ta lissafa gudunsa. Ita ce mai sauƙin samu, amma shagwaɓaɓɓiya ce. Ranar Jidda ta yi mata yawa sai an sa mata farar rumfa, fitilun cikin nadi masu ƙyaftawa kuma suna ruɗa ta, ta riƙa kawo lambobin da ba su da kai ba su da gindi. Ga shi kusan duk wanda ya taɓa mallakarta yana da labarin ranar da ya harbe ta da kansa. Ɗan Sudan ɗin nan tasa har yau da rami a goshi.

Ta biyu a bakin bindiga ake ɗaura ta. Ba ruwanta da rana ko inuwa, sai dai nauyinta yana sauya inda harsashi yake sauka, ba za ka auna gudu ka auna saitinka lokaci ɗaya ba. Kuma irin taka mai sifirin tana girgiza idan ta tashi, sai abin ya yi ta sassautowa. Ni dai da na ga maƙallin ƙarfen da za a matse a bakin saktun ɗinka, na ce a'a, kada ta yi tabo.

Ta uku 'yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu biyu ba, da rada take aiki. A gefenka kake ajiye ta, ba a gaba ba, don haka ba ka harbe ta. Rana ko fitila duk ɗaya ne a wurinta, tana bin harsashi tun fitarsa ta turo lambar cikin waya. Abin lura kawai shi ne a tabbatar irin wadda take kama ƙaramar ƙwayar dalma ce, don wasu sai harsashin babbar bindiga suke gani. Ta fi sauran tsada, amma kowa a nadi ya ce ba ta san wasa ba.

Yanzu kai da ka san ƙaninka, wacce kake zaton na nace wa? Mai hasken nan, shagwaɓaɓɓiyar. Na yi ta kawo dalilai, wai ita ce ta gargajiya, wai ba na son abin da sai an haɗa da waya. Mun je shagon har mai shagon ya daina tashi idan ya gan mu. Ran nan muna fitowa, Sumayya ta tsaya a bakin mota ta dube ni. Maganar da ta faɗa har yau tana kunnena: "Ya Ammi, kai ba na'ura kake nema ba. Wanda zai ce maka bindigar ce kake nema."

Kai, yarinyar nan! Na so in yi faɗa, na fasa. Ashe ta lura da yadda nake nisanta waya da fuskata, da yadda na ƙi karanta kwali da kaina. Na koma cikin shagon na ce a ba ni mai radar, halas, magana ta ƙare.

Ranar Asabar da safe muka kai ta nadi. Na kafa ta a gefen dama, na karya bindiga, wato na buɗe ta, na sa dalma, na yi bismillah. Na harba, na sake, na yi ta harbawa har gwangwanin dalmar ya yi sauƙi. Sumayya tana riƙe da waya, sai da na gama ta miƙo mini. Lambobin nan a jere suke kamar sahun sallah, da ƙyar wata ta ɗara wata. Saktun ɗinka lafiyarta ƙalau, Yaya. Takardar saitin kuwa kamar kaji sun tsattsage ta.

Na zauna a kan benci na daɗe. Ban ji tsoron da na zata zan ji ba, abin da ya zo mini kai ne. Na tuna soron Hindawiyya, na tuna yadda kake murɗa abin nan kafin ka miƙo mini bindiga, sai yanzu na gane ba abin da kake murɗawa. Ita ma waccan tsohuwar lafiyarta ƙalau, tunda a hannunka ba ta taɓa kuskure ba. Shekara da shekaru kana ɗora wa ƙarfe laifina don kada in yi kuka in ajiye. Na yi dariya ni kaɗai, hawaye kuma suka biyo baya, ban hana su ba.

Washegari na je wurin mudir, shugaban makaranta, na ajiye masa makullin mota a kan tebur, na faɗa masa gaskiya.  Ya ce in je a duba ni tukuna, ya sa wani a kan motar. Likita ya ce yanar ido ce, wadda Larabawa suke kira moya beda, a duka biyun, kuma ana cire ta. An sa mini ranar aikin idon dama bayan Sallah. Ko zan koma tuƙi, ko kafili, mai tsaya mini a kan takardun zama, zai jira ni, wannan yana hannun Allah. Abin da na sani shi ne 'ya'yan mutane suna isa gida da idon da yake gani, ni kuma ina barci.

Ga 'yan nadi masu tambaya, amsata ke nan: ku sayi wadda za ta faɗa muku abin da yake akwai, ku tabbatar tana kama irin harsashinku, sauran bayani ƙari ne.

Saura labari ɗaya, shi ne ma dalilin wannan takarda. Asabar ɗin da ta wuce Sumayya ta ce tana so ta gwada. Ta je ta wanke hannu ba tare da na ce mata ba. Na gyara mata tsayuwa, ta ɗauke numfashi, ta harba, ko gefen takardar ba ta taɓa ba. Ta sake, haka. Na ga leɓenta ya fara rawa, babbar mace da digirinta. Na'urar nan tana gefe tana nuna lamba mai kyau tsaf. Na miƙa hannu na kifa ta a kan tebur, na karɓi bindigar, na juya ta, na leƙa bakinta da idon nan nawa da ba ya gani sosai, na faɗa mata abin da kake faɗa mini. Ta dube ni, ta san ƙarya nake yi, ita ce fa ta riƙe wayar. Ta yi murmushi ta ce, "Yalla, gyara mini ita."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Yadda ka yi ta rufa mini kuskurena tun ina yaro, Allah Ya rufa maka naka ranar da za a auna komai. Ya haɗa ka da Baba da Inna a Aljanna Firdausi, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Ƙaninka da har yanzu yake koyon saiti,
Isiyaku
Safa, Jidda