Makon Yaɓe a Tsohon Asibitin Haihuwa

Litinin, 3 ga Maris

An buɗe horon koyon yaɓen tsohon gini. Kujerun da na sha wahalar jerawa, rabinsu iska ce ta zauna a kai. Shugaban ƙungiyarmu ta adana kayan tarihi ya yi jawabi har mai lasifika ya fara gyangyaɗi: tarihi, gado, 'yan baya. Da aka zo ɗaukar yashi sai aka kira shi a waya. Har yanzu bai dawo ba.

Shekara da shekaru ina sakatariyar ƙungiyar nan, ina lallaɓa tsohon asibitin haihuwar da jemagu kaɗai ke kwana a ciki. Hukuma ta ce in ba ta ga alamar gyara kafin damina ba, za a rushe a yi shaguna. Na riga na faɗa wa Yaya ƙarshen wata zan koma kantinsa. Na gaji.

Talata, 4 ga Maris

Injiniyar da aka ɗauko ta koya mana ta sa mun ɓamɓare simintin da wani ya taɓa liƙa wa bangon. Wai siminti yana hana tsohon bango numfashi, danshi ya taru a ciki ya ci shi. Farar ƙasa da yashi za mu kwaɓa. Wani birkila ya ce, "Bango ma numfashi yake? To a kira masa likita mana, ai a asibiti muke." Na dara, ba da son raina ba.

Laraba, 5 ga Maris

Farar ƙasa ta cinye min yatsu. Biron ma da ƙyar.

Alhamis, 6 ga Maris

Wasu sun daina zuwa. Dama takardar shaida suka biyo, sun ji sai an gama ake bayarwa.

Inna ta kalli hannuna ta taɓe baki. "Abin da ya gama zamaninsa a bar shi ya kwanta mana." Na roƙe ta ta zo ranar Asabar da za a buɗe wa jama'a, ko don kujeru su cika. Ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin nan ba. Faɗan ya fi ƙarfin maganar, amma ba ni da ƙarfin tambaya.

Juma'a, 7 ga Maris

Yaɓen jiya duk ya tsattsage, ba wanda ya tuna ya yayyafa masa ruwa. Injiniya ta ce a kankare a sake. Na shiga bayan tankin ruwa na zauna. Ba kuka na yi ba. Zama kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Hukuma wakili ta turo, ya fi kallon agogonsa a kan bangon. Mutane sun zo fiye da zatona, yawancinsu tsofaffin mata.

Ina cikin bayani na hango Inna, Yaya na riƙe mata jaka. Ba ta bi layin masu zagayawa ba. Ta miƙe ta barandar baya, ta tsallake inda daɓen ya lotsa ba tare da ta duba ƙasa ba, ta shiga ɗakin ƙarshe. Na bar mutane na bi ta.

Tana tsaye bakin tagar da muka tokare da katako. Ta ce, "Gadon a nan yake. Daga kwance ana ganin bishiyar can, lokacin ba ta kai haka ba."

Na ce, "Inna, ai mu duk a sabon asibiti kika haife mu."

"Ku. Kafin yayanku akwai wata. Sau ɗaya ta yi kuka."

Yaya daga bakin ƙofa ya kalle ni, na kalle shi. Shi ma bai sani ba. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "In ce me? Ko suna ba ta samu ba."

Ta daɗe tana kallon rufin, inda ruwa ya zana taswira. Da za ta fita ta ce, "Nan zai fara zuba. Ku da kuke ta shafe-shafe a gaba."

Lahadi, 9 ga Maris

Ba aiki yau. Na je na yayyafa wa yaɓen ruwa, don na san ba mai zuwa. Na tarar birkilan nan ya riga ni, wai hanya ce ta biyo da shi. Ni ma haka na ce. Mun leƙa rufin ɗakin ƙarshe, gara ta ci katako biyu.

Talata, 11 ga Maris

Shiru daga hukuma. Shugaba ya bugo yana tambayar hotuna. Bayana kamar an yi min duka.

Yaya ya ce yaushe zan fara zuwa kanti, ya share min teburi. Na ce ya bari yaɓen ya bushe tukuna. Ya ce ba damuwa, kwana nawa ne. Injiniya ta ce farar ƙasa takan yi watanni kafin ta kama sosai. Wannan ban faɗa masa ba.