Sallamar da Ba a Amsa Ba

Laraba, bayan isha'i

Jinin ya zo da asuba, bayan kwana goma sha biyu da ɓatan watana, ina ɓoye murnata. Karo na huɗu ke nan.

Malamar asibitin da ta duba ni a Gaya ta ce, "Yaya, ba surfe ne ya jawo ba. Ƙwan da zai zama ɗa, in ya iso mahaifa, saƙo yake aika mata, kamar baƙo ya yi sallama. In ta amsa, ya zauna. In shiru, ya wuce. Sau da yawa ma muryar baƙon ce ba ta fita."

Lallashina take yi, na sani. Har muka iso Toranke a kan babur ni da mijina Malam, maganarta nake juyawa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, mai rabo yana tafe." Haushi ma ya ba ni.

Ni da ko ina tsakar tuƙa tuwo ba na barin mai sallama ya maimaita. Ashe har huɗu sun tsaya a ƙofata.

Ɗazu na dafa marata na ce, "Wa alaikumus salam." Ba kowa.